Motar Alhaji Issaka da Kaskon Turaren Hajiya

Ranar Asabar da ta wuce, a wajen wani suna a Thamesmead, nan London, na ji samarinmu suna hira a bakin ƙofa. Ɗaya ya nuna farar motata da ke fake a gefen titi, ya ce da 'yan uwansa da Turanci wai Uncle Garba ya gama morewa, aikinsa yawon shan iska ne, a kira shi ya ɗaure ƙusa biyu, ya sha shayi, ya dawo. Ban tanka ba, don bakina cike yake da waina. Amma tunda kun taɓo ni, ga amsarku a rubuce. Wanda bai iya karanta Hausa ba ya kai wa uwarsa ta karanta masa, na san kuna ji sarai, amsawa ce ba ku yi.

Motocin da nake gyarawa su ne waɗanda Turawa ke kira motorhome, mu kuma a tsakaninmu mota mai ɗaki muke cewa. Gabanta mota, bayanta gida: gado, murhu, firij, hita, famfo, har da wani ɗan banɗaki da mai ƙiba sai ya shiga da gefe. Ba na taɓa inji, wannan na bakanike ne. Nawa daga bayan kujerar direba yake farawa. Ba ni da gareji kuma, ni ke zuwa inda motar take, ko a ƙofar gida ne, ko a wata gona a Essex inda ake ajiye su lokacin sanyi. Ku duba dai, gas da lantarki da ruwa duk a cushe a wurin da bai kai kicin ɗin gidanku ba, sannan mutane su rufe ƙofa su kwana a ciki. Shi ya sa mai hankali ba ya kiran kowa sai mai satifiket, wanda zai duba ya ba shi takarda da sa hannunsa.

Yadda na shigo sana'ar, sai na fara da Alhaji Issaka. Na iso London ban san kowa ba sai wani adireshi da na tarar mai shi ya tashi. Ranar Juma'a na je masallacin Regent's Park, na zauna bayan an idar da salla, jakata a tsakanin ƙafafuna. Wani dogon dattijo ya tsaya a kaina ya yi min sallama da wata irin Hausa da ban saba ji ba. Mutumin zangon Kumasi ne, direban bas. Bai yi min dogon bincike ba. Ya ɗauki jakata muka shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka sauka Dagenham. Wata takwas na yi ina kwana a kan katifa a falonsa, matarsa Hajiya Ramatu tana zuba min abinci tare da 'ya'yanta. A wurinta na fara cin waakye, shinkafa da waken mutanen Ghana, kuma har yau ban ci wanda ya kama ƙafarsa ba.

Shi ne ya haɗa ni da maƙwabcinsa Dennis, wani gajeren Bature da ya bar masana'antar motocin garin ya koma gyaran motoci masu ɗaki. Alhaji ya gaya masa ni gwanin firij ne daga Kano. Ba ƙarya ya yi ba, shekara bakwai na yi ina gyaran firij a Sabon Gari, har ina da masu ce min oga. Da wannan girman kan na shiga motar Dennis.

Aikina na farko, wata tsohuwar mota ce a bayan wani gida a Romford. Mai ita ya ce yana jin warin gas. Dennis ya ce in nemo inda yake fita. Na durƙusa a gaban murhu, na sa hannu a aljihu na fito da ashana, don haka muke yi a gida, ka ƙyasta ka bi bututu da ita, inda wuta ta kama nan ne. Ban kai ga buɗe kwalin ba na ji an make min hannu, ashanar ta watse a ƙasa. Dennis ya yi jajir kamar tumatir. Ya fito da ni waje, ya kunna sigarinsa a can nesa, sai da ya shanye sannan ya iya yi min magana. Ya ce gas ɗin nan ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ƙasa kamar ruwa a kwano, kuma ni a cikin kwanon na durƙusa. Ya miƙo min kwalbar ruwan sabulu da buroshi, ya ce in shafa a kowace mahaɗa, inda ya yi kumfa in kira shi.

Ranar na fara ganin ma'aunin da har gobe nake alfahari da shi. Bututu ne siriri da aka lanƙwasa, da ruwa a ciki da layukan awo a jiki. Ka haɗa shi da layin gas, ka hura iska, ka rufe, ka zauna kana kallon ruwan minti biyar. In ya tsaya cak, lafiya. In ya fara sauka ko da kaurin gashi ne, akwai ɓaraka a wani wuri, kuma ba za ka tafi gida ba sai ka same ta. Yanzu akwai na zamani mai lambobi, ina da shi, amma na Dennis ne a ƙasan akwatina, don shi batir ɗinsa ba ya mutuwa. Minti biyar ɗin nan su ne ku ba za ku iya ba. Na ga yadda kuke yi in bas ta yi lattin minti biyu.

Shekara huɗu na yi a bayansa ina ɗaukar akwati kafin na shiga jarrabawar gas. Na faɗi a karon farko, ba don ban iya aikin ba, don dai Turancin takardar ya yi min yawa. Hajiya Ramatu ta sa babbar 'yarta ta riƙa yi min tambayoyi a teburin cin abinci har na haddace. Kuma ba sau ɗaya ake yi a huta ba, duk shekara biyar sai ka koma an sake gwada ka, furfura ko ba furfura.

Akwai wani malamin makaranta da ya kira ni Kent in duba masa motar da zai saya. Tana ƙyalli, labule sababbi, mai sayarwa har fure ya ajiye a kan tebur. Na ɗauko na'urar auna danshi, mai ƙananan allurai biyu, na fara bin bango kusurwa kusurwa. Da na zo ƙarƙashin tagar baya, allurar ta shige ba tare da na danna ba. Katakon ya zama kamar burodin da aka tsoma a shayi. Ruwan sama ya shekara yana shiga ta gefen taga, an rufe wurin da sabon fenti. Mai sayarwa ya yi min kallon hadarin kaji, malamin kuwa shekara goma sha ɗaya yana kirana bayan nan, duk farkon bazara, har ya daina tuƙi.

Irin waɗannan su ne mutanena a da. Tsofaffi ne akasari, miji da mata, sun yi ritaya sun sayi mota suna zaga bakin teku. Ka iso ka tarar an dafa shayi, an jera biskit a faranti, uwargida tana kiran motar da suna kamar jikarta. Wata tsohuwa a Upminster, da ta gane ina salla, duk zuwana sai ta share min wuri a ɗakin ajiyarta ta kulle karenta a sama. Motocin lokacin ma masu sauƙin kai ne. Da sifana da filaya da sukurdireba da tocila ka gama da su. Na yanzu kuwa sai ka haɗa su da kwamfuta su gaya maka abin da ke damunsu, rabin lokaci ma ƙarya suke yi. Da Dennis ya gaji ya koma bakin teku wajen 'yarsa, ya bar min mutanensa duka, kuma ba wanda ya guje ni a cikinsu.

Shekarar korona ita ce baƙar shekarata. An rufe filayen da ake kwana da motocin, aka ce kowa ya zauna gida. Wayata da ba ta hutawa a watan Maris ta yi shiru kamar an zare mata rai. Na kwashe kayan aikina na jibge a lungun flat, na koma kai wa mutane cefane da motar. Tsofaffina kuma na riƙa jin labarin rasuwarsu ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu ke kira su ce kar in zo bana, kar in zo baɗi. Abin ya taɓa ni ƙwarai. Da aka sassauta kuma sai ruwa ya ɓalle ta ɗaya gefen. Jirgi ba ya tashi yadda aka saba, kowa ya ruga ya sayi mota mai ɗaki, wanda bai samu ba ya sayi ta ɗaukar kaya ya kalli bidiyo a waya ya haɗa da kansa. Na ga tiyon ban ruwan lambu a layin gas. Na ga tukunyar gas a ƙarƙashin gadon yara, an ɗaure ta da igiyar shanya.

A cikin wannan rububin ne Alhaji Issaka ya kira ni. Ya yi ritaya, ya so zuwa Kumasi abin bai yiwu ba, sai ya sayi tsohuwar mota mai ɗaki a hannun wani mutum a Southend.

"Garba, zo ka gani mota na," in ji shi, muryarsa kamar ta ango. "Na yi booking a Scotland, bayan Salla da kwana ɗaya. Ni da Hajiya da jikoki uku. Insurance suna so takarda, ka zo ka sa hannu."

Saura kwana huɗu Babbar Salla na je. Tun daga bakin ƙofar motar ƙamshi ya tare ni. Hajiya Ramatu ta yi aiki, an wanke ko'ina, an shimfiɗa darduma, ga kaskon turaren wuta a kan murhu da sauran toka a ciki. Ta ce mai motar na da da karnuka biyu yake yawo, sau bakwai ta wanke kujerun, kuma kullum sai ta turara don warin ya fita. Na yi dariya, na ce aikinki ya yi kyau, Hajiya. Sai idona ya kai kan ƙararrawar da ke bango, wadda ke ihu in iska mai guba ta taru. Murfinta a buɗe, ba batir.

"Abin nan ya cika ihu," in ji Hajiya. "Da na sa gawayi sai ya fara. Alhaji ya cire masa batir mu huta."

Na ce mata ai gaskiya yake faɗa, gawayi a rufaffen wuri shi ne abin da aka yi shi dominsa. Na durƙusa na haska ƙasa. Ramukan da ake bari a daɓen motar, don gas in ya zuba ya samu hanyar fita, duk an toshe su da tsofaffin safa an bi da salatef. Tagar iska ta rufi an cusa mata ɗankwali. Alhaji ya ce shi ya yi da hannunsa, wane irin mutum ne zai sayar da mota da huji a ƙasa a garin da sanyi ke kashe mutane. Ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya taso inda muka taso, in ya ji iska na shigowa toshewa zai yi.

Waɗannan duk masu sauƙi ne. Na zare safa, na sauke ɗankwali, na sa sabon batir. Sannan na haɗa ma'auni na zauna. Ko minti ɗaya ba a yi ba ruwan ya fara sauka, ina kallo. Na shiga ƙarƙashin motar da ruwan sabulu. Bututun da ya bi ƙasa daga tukunya zuwa murhu da hita tsatsa ta cinye shi, wuri uku yana kumfa. Na buɗe hita na tarar da baƙin hayaƙi a bayanta, ƙarfen cikinta ya tsage. Irin tsohuwar nan ce da sai an yi oda, mako biyu in an yi sa'a. Na koma ƙarƙashin motar na kwanta a kan kwalta, don na san abin da zan fito in faɗa, na kuma san wanda zan faɗa wa.

Ku da aka haifa a nan ba za ku gane wuyar ba, kun saba ce wa iyayenku no kuna danna waya. Mu ba a ce wa babba a'a. Ana cewa to, ana cewa in sha Allahu, sai a ɓace har maganar ta mutu da kanta, shi ma ya gane, ba wanda ya ji kunya. Wallahi na yi niyyar haka. In ce masa gobe zan kawo takardar, in kashe waya sai bayan Salla. Amma in na yi haka, tafiya zai yi da gas a buɗe da yara uku a baya. A'a ɗin nan dole in faɗe ta da bakina, a ƙofar gidansa, gaban matarsa.

Na fito na goge hannuna, na rusuna kaɗan. Na ce, "Alhaji, a yi min haƙuri. Ba zan iya sa hannu ba."

Na bayyana masa komai. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To ka rubuta yanzu, in mun dawo ka gyara. Ba za mu kunna hita ba."

Na ce ko murhu aka kunna bututun ɗaya ne. Na ce ya ɗaga tafiyar mako biyu, ni zan yi aikin da kaina.

"An ce ba a cancel. Yara sun gaya wa duk makaranta." Ya dube ni tun daga takalmi har hula. "Garba, ran da ka zo garin nan, wa ya tambaye ka takarda?"

Ban taɓa jin magana ta shige ni kamar wannan ba. Hajiya ta juya ta shiga gida. Gaskiya Alhaji ya faɗa. Da ƙyar na ce masa aikina bai ba ni damar barin layin a buɗe ba, ina neman izininsa in toshe. Ya ce in yi abin da na ga dama, ya bi bayan matarsa. Na buɗe akwatin tukunya, na cire tiyo, na ɗaura murfin tagulla a bakin layin na tamke. Na ɗauko jan kati na rubuta cewa kada a yi amfani da shi, na sa sunana, na ɗaure a jiki da waya. Ba wanda ya fito ya sallame ni.

Ranar Salla na hango shi a Regent's Park cikin farar babbar riga. Na ratsa mutane na je na miƙa hannu biyu. Ya ba ni kan yatsunsa yana kallon wani wuri. Washegari na ji sun tafi. Aka ce wani ya sa masa hannu a takardar. Makon nan ban ji daɗin naman Salla ba, duk ƙarar waya sai gabana ya faɗi. Suka dawo lafiya sumul, da hotunan duwatsu da tumaki. Sai magana ta zaga Dagenham, wai Garba ya zama Bature, ya ci abincin mutum wata takwas ya hana shi takarda, ga shi ba abin da ya faru. Har a wajen biki wani ya tambaye ni ko sai ya nuna satifiket kafin in gaishe shi.

Shekara biyu muka yi a haka, gaisuwa daga nesa. Ba zan ɗora masa duka ba, ni ma na hau dokin zuciya. Na ce ni ne da gaskiya, in yana so a gyara ya san lambata. Rannan da safe aka kira ni aka ce Alhaji ya rasu, bayan 'yar gajeriyar jinya. Na je jana'iza, na ɗauki makara, na yi wa Hajiya gaisuwa a cikin taro na fito.

Bayan ta fita takaba ta kira ni da kanta. Ta ce za ta sayar da motar, in zo in duba kar ta cuci wani. Na tarar da motar a inda na bar ta, ganye ya taru a kan gilashi. Hajiya ta tsaya a gefe da makulli a hannu. Na zagaya na buɗe akwatin tukunya don in ga irin aikin da wancan mai sa hannun ya yi.

Murfina na tagulla yana nan. Jan katin yana nan, ya koɗe, rubutuna da ƙyar ake karantawa. Wayar da na murɗa ba wanda ya taɓa ta.

Na ce, "Hajiya, ba an ce wani ya gyara ba?"

"Wa zai gyara? Bai kira kowa ba. Insurance kawai ya canja, ya samu waɗanda ba su tambaya." Ta gyara mayafinta. "Sau uku muka yi tafiya da mota nan. Bargo muke ɗauka, da fulas, da abinci a kula. A Scotland yara suna kuka da sanyi, ya cire rigarsa ya rufa musu. A wata tafiyar mijin 'yarmu Zainabu ya ɗauko filaya zai yanke abin nan mu dafa ruwa, Alhaji ya buge masa hannu. Ya ce Garba ne ya ɗaure, Garba ne zai kwance."

Na ce, "Me ya sa bai kira ni ba?"

"Shi ne babba," in ji ta. "Kai yake jira."

Tsakanin gidana da nasa bai kai minti goma sha biyar a mota ba. Na daɗe a tsugune a gaban akwatin, kunya da baƙin ciki sun hana ni ɗaga kai, Hajiya kuma ba ta ce in tashi ba. Tukunyar a rufe take, canjin bututu kuma daga nan ake fara shi. Na ɗauko sifana na ɗora a kan murfin. Juyi uku kacal ya kwance.